Ƙwallon 'yan sakandare a Amurka: ta yaya wasan yara ya kai ga gina filin dala miliyan 60?

Duk lokacin da watan Satumba ya kama, sai wasu gajerun bidiyoyi daga Amurka su fara yawo a wayoyin mutane. Fili ne cike maƙil da 'yan kallo, fitilu sun haske shi kamar tsakar rana, 'yan badujala sun jeru suna busa, sai ga wasu ƙarti sanye da hular kwano sun keto wani ƙaton ƙyalle a guje. A ƙasan bidiyon an rubuta cewa wasan makarantar sakandare ne. Nan take musu zai kaure. Wannan ya ce ƙarya ne, babu sakandaren da ke da fili haka. Wancan ya ce ai wannan kokawa ce, ina ruwanta da ƙwallo. Akwai kuma wanda tambayarsa ɗaya ce tak: ta ina zai bi ya tura ƙanensa can, tunda yaron yana da jiki?

Bidiyoyin gaskiya ne. Waɗanda ke cikin hular kwanon nan yara ne 'yan shekara 14 zuwa 18, makaranta ba ta biyan su ko sisi, kuma ranar Litinin za su koma aji su zauna darasin lissafi kamar kowa. Abin da ke buƙatar bayani shi ne yadda aka yi wasan yara ya kai wannan matsayi, da wanda ke biyan kuɗin, da kuma abin da yaron ke tsira da shi idan an tashi.

Wace ƙwallo ake magana a kai?

Idan Ba'amurke ya ce futbol, ba tamaular da muke kallo a gidajen kallo yake nufi ba. Ita wannan soka suke ce mata. Tasu 'yar'uwar zari-ruga ce: ƙwallon doguwa ce mai tsini a baki biyu, ana rungume ta a gudu, ana jefa ta da hannu, kuma an yarda ka kayar da duk wanda ke riƙe da ita. Ƙafa ba ta taɓa ta sai jefi-jefi.

A jami'o'i aka haife ta. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 ɗaliban Rutgers da na Princeton suka kara a jihar New Jersey, kowane ɓangare mutum 25, Rutgers ta ci 6 da 4. Wasan ranar ya fi kama da tamaula. Sai a 1874, da Harvard ta haɗu da jami'ar McGill ta Kanada, Amurkawa suka ɗanɗana salon zari-ruga na ɗaukar ƙwallo a hannu, suka kuma ji ya yi musu. Wani ɗan jami'ar Yale, Walter Camp, shi ya raba wasan da zari-ruga a farkon shekarun 1880. Ya tsayar da 'yan wasa 11, ya kawo layin da ɓangarorin biyu ke fuskantar juna kafin a taɓa ƙwallo, ya kuma ƙayyade yawan yunƙurin da za a ba ƙungiya ta ci ƙasa ko ta miƙa ƙwallo.

Yaran sakandare ba su jira kowa ba, abin da suka ga yayyensu na yi shi suka kwaikwaya. Makarantun Norwich da New London a jihar Connecticut sun fara karawa tun 1875. Boston Latin da English High kuwa tun 1887 suke haɗuwa a ranar bikin godiya na watan Nuwamba, ranar da Amurkawa ke cin talo-talo. Wato wasu daga cikin waɗannan hamayyar sun girmi babbar gasar ƙwararru ta NFL, wadda aka kafa a 1920, da shekara talatin zuwa arba'in da wani abu. Wannan kaɗai ya isa ya gyara wata fahimta: sakandare ba reshen NFL ba ce, ta riga ta zuwa duniya.

A farko wasan kisa yake yi, ba da wasa ba. A kakar 1905 jaridu sun ƙirga aƙalla mutum 18 da suka mutu a fili, da yawansu 'yan sakandare. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadar White House a kan batun. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba, domin a warwatsa cunkoson da ake danne mutane a ciki.

Yadda ake buga ta

Tsawon fili yadi 100 ne, irin yadin da tela ke aunawa, wato kimanin mita 91. A kowane ƙarshe akwai ƙarin yadi 10, wanda za mu iya kira gidan ƙungiya. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a ba su wasu huɗun. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa a daidai inda aka tsaya, shi ya sa galibi a dama ta huɗu sukan gwammace su doka ta da ƙafa can nesa.

Ga yadda yunƙuri ɗaya yake. Yara 11 za su haɗa kai a zagaye, madugunsu, wanda suke kira kwatabak, ya raɗa musu dabarar da koci ya aiko. Su watse su jeru. Biyar mafiya ƙiba su duƙa a gaba, na tsakiyarsu ya dafa ƙwallo a ƙasa. Madugu ya yi ihun wasu lambobi da su kaɗai suka san ma'anarsu, sai na tsakiyan ya miƙo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Abin da kunne zai fara ji shi ne ƙarar haɗuwar hulunan kwano, kamar an kifar da kwanuka a tsakar gida. Madugu ya ja da baya taku uku, ya hango wani siririn yaro ya tsere ta gefe, ya wurga masa. Yaron ya cafe, wani ya rungumo ƙafafunsa, su zube tare. Alƙali ya busa usur. Duka-duka daƙiƙa biyar ko shida ke nan. Sai a sake jeruwa. Wanda ya saba da tamaula, inda ƙwallo ke gudana babu tsayawa, wannan tsaye-tsayen ne ke fara gundurar sa, har sai ya gane cewa kowane yunƙuri kamar jefa dara ne tsakanin kociyoyi biyu.

Shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo maki 6 ne. Bayansa a zaɓi bugun ƙafa na maki 1, ko a sake ƙoƙarin shiga daga kusa don maki 2. Doka ƙwallo ta ratsa tsakanin dogayen turaku biyu a tsakiyar wasa maki 3 ne. In aka kayar da mutum da ƙwallo a cikin gidansu, abokan hamayya sun sami 2. Wanda ya yi laifi ba kati ake ɗaga masa ba, alƙali ƙyalle rawaya yake jefawa ƙasa, a ja ƙungiyar baya yadi 5 ko 10 ko 15.

Wa ke kafa dokar, kuma ina ta bambanta da ta manya?

Gwamnatin tarayya ba ta da hannu a ciki. Kowace jiha tana da ƙungiyarta da ke shirya gasa, su kuma suna da uwar ƙungiya, NFHS, mai hedikwata a Indianapolis, wadda asalinta ya koma 1920. Ita ke rubuta littafin dokokin da kusan duk jihohi ke bi. Texas ce ta ware, tana amfani da dokokin jami'o'i tare da 'yan gyare-gyare. Saboda haka babu kofin ƙasa baki ɗaya. Iyakar abin da makaranta za ta ci shi ne kofin jiharta, a rukunin makarantu masu yawan ɗalibai irin nata. Duk wanda ka ji an kira zakaran ƙasa, jarida ce ko wani shafi ya naɗa shi.

Wasan sakandare zango huɗu ne, kowane minti 12, maimakon 15 na jami'a da NFL. Turakun sun fi faɗi, ƙafa 23 da inci 4, na manya kuwa ƙafa 18 da rabi, don ƙafar yaro ba ta gama saituwa ba. In an tashi kunnen doki, yawancin jihohi suna ba kowace ƙungiya ƙwallo daga yadi 10 kafin gidan abokan hamayya, tsarin da aka faro a jihar Kansas. Akwai kuma dokar tausayi: in tazarar maki ta yi yawa, sai a bar agogo ya yi ta tafiya don a gama da wuri, kada a wulaƙanta yaran mutane.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar ƙauyuka. A 1934, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, wani malami mai suna Stephen Epler a garin Chester na jihar Nebraska ya ga makarantarsu ba za ta iya haɗa yara 11 ba, sai ya ƙirƙiro wasan mutum shida-shida a ƙaramin fili. Har yau ana buga shi a karkarar Texas da wasu jihohi, akwai kuma na mutum takwas da na tara. A Texas, in tazara ta kai maki 45 bayan an je hutun rabin lokaci, wasan shida-shida ya ƙare ke nan. Gari ya gwammace ya sauya dokar wasa da a ce ba shi da ƙungiya.

Me ya sa sai daren Juma'a?

Amurkawa sun raba ƙarshen mako gida uku: Juma'a da dare ta 'yan sakandare, Asabar ta jami'o'i, Lahadi ta NFL. Al'ada ce ta fara shi, bayan da fitilun fili suka yaɗu kuma iyaye suka sami damar zuwa kallo in an tashi daga aiki. Daga baya doka ta ɗaure shi. Dokar watsa wasanni ta 1961, wadda aka yi wa ƙari a 1966, ta ba ƙungiyoyin NFL gatan sayar da haƙƙin nuna wasanninsu a dunƙule, amma da sharaɗi: daga Juma'a ta biyu ta Satumba zuwa Asabar ta biyu ta Disamba, kada a nuna wasan ƙwararru daga ƙarfe 6 na yammacin Juma'a ko ranar Asabar a tashar da ke cikin mil 75 daga inda 'yan makaranta ke wasa. Shi ya sa da NFL ta so buga wasan daren Juma'a a Brazil a 2024, sai ta saka shi ranar 6 ga Satumba, Juma'ar farko, mako guda kafin dokar ta fara aiki. Gasar da ta fi kowace samun kuɗi a duniyar wasanni, ga ta tana kauce wa yaran sakandare.

A ƙaramin gari, daren nan shi ne dandali. Tun da rana ake tara ɗalibai a zauren makaranta a yi ta kirari da kiɗa. Da yamma 'yan badujalar makaranta, waɗanda a manyan makarantu sukan kai ɗaruruwa, su yi fareti a lokacin hutun rabin lokaci, 'yan mata masu ƙarfafa gwiwa suna tsalle-tsalle a gefe. Iyaye suna da ƙungiyarsu ta tara gudummawa, su ke sayar da abinci a bakin fili. Sau ɗaya a kaka akan yi bikin dawowar tsofaffin ɗalibai, a naɗa sarki da sarauniya daga cikin 'yan ajin ƙarshe. Dattijon da ya buga a wannan fili shekara arba'in da suka wuce yana zaune yana kallon jikansa cikin riga mai launi iri ɗaya da tasa.

Sai dai daren Juma'ar ba na kowa ba ne a da. Zamanin wariyar launin fata, makarantun baƙaƙen fata a Texas gasarsu daban, ƙarƙashin ƙungiyar Prairie View, wadda ta rayu daga 1920 zuwa 1970. A birane da yawa Laraba da Alhamis ake ba su fili, Juma'a ta Turawa ce.

Addu'a ma ta sha kai mutane kotu. A 2000 Kotun Ƙoli ta hana yin addu'a ta lasifikar fili kafin wasa a makarantun gwamnati, a wata shari'a daga Texas. A 2022 kuma ta goyi bayan koci Joseph Kennedy na garin Bremerton, wanda ya rasa aikinsa saboda durƙusawa yana addu'a a tsakiyar fili bayan an tashi.

Ina kuɗin ke fitowa?

Daga aljihun mutanen gari. Makarantun gwamnati a Amurka suna dogara sosai ga harajin gidaje da filaye na yankinsu. In hukumar ilimin yanki tana son babban gini, sai ta nemi izinin cin bashi, a kaɗa ƙuri'a, in an amince a riƙa biya daga harajin. Haka mutanen Allen, kusa da Dallas, suka yi a 2009. A 2012 suka buɗe fili mai kujeru 18,000 da ya ci kusan dala miliyan 60. Ba a cika shekara biyu ba siminti ya fara tsagewa, aka rufe shi a 2014, sai 2015 aka sake buɗewa. Wannan bai sa maƙwabta sun ja baya ba: Katy da McKinney sun gina nasu a kan kusan dala miliyan 70 kowanne. Wasan ƙarshe na kofin jihar da Allen ta buga a 2013, a filin ƙungiyar NFL ta Dallas Cowboys, ya tara sama da mutum 54,000.

Masu kare wannan kashe kuɗi suna da hujja. Sun ce ba wanda ya tilasta wa kowa, ƙuri'a aka yi. Kuɗin bashin gini doka ba ta yarda a biya albashin malamai da shi ba, balle a ce an ƙwace daga bakinsu. Filin kuma ana yaye ɗalibai a cikinsa, ana wasu wasannin. Masu suka suna cewa abin da gari ya zaɓa ya ci bashi a kansa shi ke nuna inda zuciyarsa take, kuma a manyan makarantun Texas ba abin mamaki ba ne babban koci ya ɗauki fiye da dala 100,000 a shekara, ya bar malamin kimiyya a baya nesa. A ganina hujjar ƙuri'a tana da ƙarfi, amma tana ɓoye wani abu. Yankin masu kuɗi ne ke iya cin irin wannan bashi. Makarantar unguwar talakawa, wadda hulunanta sun tsufa kuma ba ta da ma'aikacin lafiya a gefen fili, dokar wasa ɗaya suke bi da Allen.

Ita kanta Texas ta taɓa gajiya da fifita wasa a kan karatu. A 1984, bisa shawarar kwamitin da attajiri Ross Perot ya jagoranta, ta kafa dokar da ke cewa wanda ya faɗi darasi ko ɗaya ba zai buga ba sai ya gyara. Kociyoyi sun yi ta ƙorafi, dokar tana nan har yau, an dai rage tsawon dakatarwar.

Maganar ƙwaƙwalwa

Nan ne ɗan Najeriya ya shigo labarin. A 2002 Dakta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra, yana aikin binciken gawa a Pittsburgh, aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon tauraron NFL da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya sha fama da rikicewar tunani. A ƙwaƙwalwarsa ya gano cutar da ake kira CTE, lalacewar da ke biyo bayan yawan buguwar kai. Ya wallafa sakamakon a 2005, NFL ta yi ta musantawa kafin daga baya ta sauko. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasa: 110 cikin 111 na NFL suna da cutar, haka 3 cikin 14 na waɗanda a sakandare suka tsaya. A lura, iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da ƙwaƙwalen, don haka adadin ba ya wakiltar duk wanda ya taɓa sa hular kwano. Amma ya isa ya tayar da hankalin uwa.

Hular kwano tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Jihar Washington ce ta fara yin doka mai ƙarfi a 2009, da sunan Zackery Lystedt, yaron da ya koma fili bayan ya bugu a ka yana ɗan shekara 13, ya kuma nakasa. Dokar ta ce duk wanda ake zargin ya bugu a fitar da shi, ba zai dawo ba sai da takardar ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 duk jihohi 50 sun yi irinta. An kuma rage yawan karon da ake yi a atisaye, an sa ido kan atisayen watan Agusta, lokacin da zafi ke kashe yara. Yawan masu bugawa ya sauka daga kimanin miliyan 1.1 a 2008 zuwa ƙasa da miliyan ɗaya bayan korona, sannan ya ɗan farfaɗo. Duk da haka babu wasan da ya kai shi yawan yara maza a sakandaren Amurka.

To, hanyar arziki ce?

Ga mai son tura ƙanensa, ga lissafin. Cikin yara kusan miliyan ɗaya, kimanin 7 cikin 100 ne ke samun bugawa a jami'o'in da ke ƙarƙashin hukumar NCAA, kuma ba dukansu ke samun tallafin karatu ba. NFL ba ta ɗaukar kowa sai ya shekara uku da gama sakandare, kuma a zaɓenta na shekara mutum 250 da 'yan kai take ɗiba. Ga mafi yawan yaran da ke cikin bidiyon nan, wasan ƙarshe na ajin ƙarshe shi ne na ƙarshe a rayuwarsu. Tun 2021 jihohi da yawa sun yarda ɗan sakandare ya karɓi kuɗin talla da sunansa, amma tsirarun taurari ne ke ganin wani abin kirki.

Akwai kuma shingayen da dillalai ba sa faɗa. Bizar karatu ba ta ba baƙo damar wuce wata 12 a sakandaren gwamnati, kuma sai ya biya cikakken kuɗin karatunsa. Jihohi da yawa ba sa barin wanda ya cika 19 kafin farkon Satumba ya buga, kuma a can takardar haihuwa suke bi, babu zancen shekarun ƙwallo. Su kansu Amurkawa an damfare su. A watan Agustan 2021 tashar ESPN ta nuna wasan da IMG Academy ta Florida ta lallasa wata makaranta mai suna Bishop Sycamore 58 da nema. Da aka bincika, hukumar ilimin jihar Ohio ta ce ba makarantar gaske ba ce, an dai tara samari ne da alƙawarin kai su jami'a.

Akwai ƙofofin da 'yan Afirka ke shiga waɗanda ba ta sakandaren Amurka suka bi ba. NFL tana da shirin ɗaukar 'yan ƙasashen waje tun 2017, tana da makarantar horo a Loughborough ta Ingila, kuma a 2022 ta yi sansanin gwajinta na farko a Afirka a ƙasar Ghana, da jagorancin Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan New York Giants wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Akwai kuma nau'in da ba a kayar da kowa, sai dai a fizge ƙyallen da ke rataye a ƙugun mai ƙwallo. Shi ne 'yan mata ke rububinsa yanzu a sakandaren Amurka, ba ya buƙatar hular kwano ko sulke, kuma za a buga shi a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028.